Kwaikwayon Iska da Raƙuman Ruwa a Bahar Maliya: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Da kai nake, ɗalibi ko injiniyan da aka damƙa wa aikin kwaikwayon iska da raƙuman ruwan Bahar Maliya a kwamfuta. Kafin ka kunna na'ura, ka san ruwan da za ka taɓa. Shi ne tekun da kakanninmu suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, bayan sun shafe watanni, wasu ma shekaru, suna tafiyar ƙasa daga ƙasar Hausa da niyyar sauke farali. Har gobe jirage na bin wannan hanya ɗauke da mutane da dabbobi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ta nan aka kwashe dubban jama'a daga Bur Sudan zuwa Jidda. Alƙaluman da za ka fitar, da su wani zai yanke tsayin katangar tashar jiragen ruwa, da su wani zai ce wa ƙaramin jirgi ya fita ko ya dakata. Amana ce, shi ya sa ba zan sassauta maka ba.

Ka fara da taswira, ka daɗe a kanta.

Tsawon tekun ya kai kilomita 2,000 da ɗoriya, amma inda ya fi faɗi bai wuce kilomita 355 ba. Ƙofarsa ta kudu, Babul Mandab, kusan kilomita 30 ce. Duwatsu sun sa shi tsakiya: na Hijaz da Asir ta gabas, tsaunukan Masar da Sudan da Iritiriya ta yamma. Ka ɗauke shi kamar dogon lungu tsakanin manyan katangu biyu, iska ba ta da zaɓi sai ta bi tsawonsa. A rabin arewa, kusan duk shekara daga arewa maso yamma take busowa. A rabin kudu kuwa tana juyawa da lokaci. Daga wajen Oktoba har zuwa bazara tana shigowa ta Babul Mandab daga kudu maso gabas, sai iskokin biyu su yi karo a yankin da ke kusa da Bur Sudan, wurin karon yana matsawa gaba da baya. Da zafi ya kama, ta arewa ce ke mamaye tekun gaba ɗaya. Wanda bai haddace wannan ba tun kafin ya fara lissafi, ba zai gane ranar da kwamfutarsa ta fitar da shirme ba.

Kada ka yi wa rufaffen teku kallon buɗaɗɗe.

A Tekun Atlantika, raƙuman da ke dukan gaɓar Legas galibi daga nesa suke, guguwar da ta haife su tana can dubban kilomitoci, kwanaki da suka wuce. A Bahar Maliya kusan duk raƙumin da ka gani, iskar cikin gida ce ta haife shi. Ka je bakin kududdufi da hunturu ka tsuguna ka duba. Gefen da iska ke fitowa, ruwan lum yake kamar madubi. Taku kaɗan gaba sai ka ga ƙananan ƙuraje, can ɗaya gefen kuma har ruwa na marin ƙasa yana kumfa. Iska ɗaya ce, bambancin shi ne tazarar da ta ci a kan ruwa. Wannan tazara, wadda zan kira zangon iska, ita da saurin iskar da daɗewarta su ne ke yanke girman raƙumi. Masana sun auna hakan da kyau a Tekun Arewa na Turai a aikin JONSWAP da aka wallafa a 1973. A Maliya, iskar da ta bi tsawon teku tana iya samun zangon ɗaruruwan kilomitoci, wadda ta ratsa faɗinsa kuwa zangonta gajere ne. Don haka karkatar iska kaɗan, wadda a buɗaɗɗen teku ba za ta dami kowa ba, a nan tana iya sauya amsarka gaba ɗaya.

Ka gyara iska kafin ka taɓa raƙumi. In ma za ka manta da komai a rubutun nan, ka riƙe wannan.

Manhajojin lissafin raƙuman ruwa da ake amfani da su yau sun nuna ƙwarewa. Akwai WAM wadda ta fito a 1988, akwai WAVEWATCH III ta hukumar NOAA a Amurka, akwai SWAN ta Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan wadda aka gina don ruwan bakin gaɓa. Amma dukkansu abin da ka ba su suke dafawa. Ga lissafin da nake so ya zauna maka a kai. Inda iska ta samu isasshen zango da lokaci har raƙumi ya gama girma, tsayinsa yana bin saurin iskar ne idan an ninka saurin da kansa. A ce iskar gaskiya mita 10 ce a sakan guda, taka kuma ta ce 9. Goma sau goma 100, tara sau tara 81. Ka ga kuskuren kashi 10 cikin ɗari a iska ya zama kashi 19 a tsayin raƙumi. Ƙarfin raƙumi kuma yana bin tsayinsa ne idan an sake ninkawa da kansa, sai ka wayi gari ka zubar da kusan sulusin ƙarfin da katangar tashar za ta fuskanta. Inda zangon ya yi gajere kuskuren bai kai haka muni ba, yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da na iskar, amma yana nan daram.

Kuma kuskuren iska a rufaffen teku yana da gefen da ya fi karkata: ƙasa yake yi. Luigi Cavaleri da Luciana Bertotti, masana daga birnin Venis na Italiya, sun nuna a Bahar Rum cewa iskar da manyan cibiyoyin hasashen yanayi ke fitarwa takan gaza ta gaskiya a irin waɗannan tekuna, musamman inda ta baro tudu ta hau ruwa. Dalilin a fili yake. Kwamfuta tana raba duniya gida-gida kamar gurabun dara, kowane gurbi lamba ɗaya take ba shi. Tsohon kundin ERA-Interim na cibiyar ECMWF gurbinsa kusan kilomita 80 ne, wato gurabu huɗu sun cinye faɗin Maliya inda ya fi faɗi. Magajinsa ERA5 ya matso zuwa kusan kilomita 31, sai ya zama gurabu goma sha ɗaya, amma Babul Mandab gurbi ɗaya tal, Mashigin Aƙaba kuwa bai ma cika gurbi ba. Gurbin da rabinsa dutse ne rabinsa ruwa, wace iska zai ba ka? Tsaunin da ke da tsini sai a mayar da shi tudu mai laushi, ƙofar da ke tsakanin duwatsu biyu sai ta toshe ko ta bazu.

Saboda haka kada ka sauke ERA5 ka zuba wa manhajar raƙumi kai tsaye ka ce ka gama. Ka sake lissafa iskar yankin da manhajar yanayi irin WRF, da gurabu ƙanana, kilomita 10 ko ƙasa da haka, da taswirar duwatsu mai kaifi. Zai ci maka lokaci, zai ci wutar lantarki da ƙarfin kwamfuta. Ka biya. In kuwa ba ka da halin yin haka, ka gwada iskar da awon gaskiya, ka gyara ta da hujja, ka rubuta a fili cewa gyara ka yi da kuma yadda ka yi shi.

Kada ka manta da Ƙofar Tokar.

Kudu da Sawakin akwai wani giɓi mai faɗi a jerin tsaunukan Sudan, inda kogin Baraka ke gangarowa zuwa filin Tokar. A tsakiyar zafi, musamman Yuli da Agusta, iska kan matso ta wannan giɓi daga cikin Sudan ta faɗa teku, ta nufi gabas wajen gaɓar Saudiyya, saurinta kan kai mita 15 a sakan guda. Tana ɗauke da ƙura mai kauri wadda hotunan tauraron ɗan'adam ke nunawa kamar dogon harshe a kan ruwa. Ratsa teku take yi, ga shi kuma iskar arewa na bin tsawonsa, sai raƙuman biyu su gitta juna daidai yankin da jirage ke kai da kawowa tsakanin Sudan da Saudiyya. Masu bincike na cibiyar Woods Hole ta Amurka sun yi bayaninta a 2009, suka kuma nuna cewa da sanyi akwai 'yan'uwanta a arewacin tekun, waɗanda ke fitowa ta giɓin duwatsun Saudiyya su nufi yamma. Idan taswirar iskarka ta watan Yuli ba ta nuna wannan harshe a gaban Tokar ba, aikinka bai fara ba tukuna.

Kada ka ciyar da manhajarka iskar awa shida-shida. Iskar Tokar da dare take tashi, ta yi ƙarfi da sassafe, ta lafa da rana. Iskar bakin gaɓa ma haka take juyawa kullum tsakanin tudu da ruwa. Wanda ke leƙawa sau huɗu a yini zai iya kuskure ƙololuwarta. Ka ba da iskar kowace awa.

Kada ka bar jaki ka doki taiki.

Wannan ne laifin da ya fi ɓata mini rai, kuma na gan shi da idona. An taɓa kawo mini wani rahoto in duba, taswirori masu launi, shuɗi da ja, layin kwamfuta ya kwanta a kan layin awo kamar an zana su da alƙalami ɗaya. Na tambayi wanda ya yi aikin yadda ya samu wannan dacewa. Ya ce raƙuman sun fito gajeru, sai ya yi ta rage lambar da ke kula da karyewar raƙumi da kumfarsa har tsayin ya yi daidai. Na ce ya nuna mini gwajin iskarsa. Bai gwada ba. Da muka ɗora iskar a kan awo, sai ga ta ƙasa da gaskiya sosai. Wato kuskure ya ɗauko ya rufe wani kuskuren da shi. A kwanakin da iska ke matsakaici ɓarnar ba ta fitowa, sai ranar babbar iska, ranar da don ita ake aikin gaba ɗaya, sannan lissafin ya watse. Lambobin cikin manhaja ana iya taɓa su, amma sai bayan ka tabbatar da iska. In ka taɓa, ka daidaita da awon wata shekara, ka gwada da na wata shekarar dabam wadda manhajar ba ta taɓa gani ba.

Ka nemi awon gaskiya, ka san iyakar kowanne.

Gani ya kori ji. Mafi daraja shi ne gorar awo, na'urar da ake ɗaurewa a kan ruwa tana hawa da sauka da raƙumi tana rubutawa. Irinta ba su da yawa a Maliya. Wadda masu bincike suka fi dogara da ita ita ce wadda Woods Hole da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdallah suka kafa a teku gaban garin Thuwal, arewa da Jidda, tsakanin 2008 da 2010. Gora ɗaya a wuri ɗaya ba za ta yi maka shaidar teku mai tsawon kilomita 2,000 ba. Dacewa a gaban Thuwal ba ta nufin dacewa a gaban tashar Hudaida can kudu ko ta Safaga can arewa a Masar, don haka kada ka faɗa da faɗin da ya wuce shaidarka.

Taurarin ɗan'adam na cike giɓi. Irin su TOPEX/Poseidon da aka harba a 1992, da jerin Jason a 2001 da 2008 da 2016, sun riƙa auna tsayin raƙumi daga sama. Amma siririn layi ne kawai suke aunawa a ƙarƙashinsu, kuma sai bayan kwana goma suke dawowa kan layin. Guguwar kwana biyu tana iya zuwa ta wuce ba su gan ta ba. Kusa da gaɓa da tsibirai kuma tudu na gurɓata awon, dole ka zubar da waɗannan lambobi. Masu auna iska, irin QuikSCAT da ya yi aiki daga 1999 zuwa 2009 da ASCAT da ya fara a 2006, su ma ba su da aminci dab da tudu, kuma a siririn teku kamar wannan wani kaso babba na ruwan dab da tudu yake. Sannan ka lura da wani tarko: kundin ERA5 ya riga ya haɗiye awon taurari da yawa a lokacin da ake haɗa shi. In ka gwada shi da awon da ya riga ya haɗiye, mutum ne ya zama shaidar kansa.

Iskar filin jirgin sama ba iskar teku ba ce. Gine-gine da ƙasa sun riga sun rage mata gudu.

Ka mayar da duk awon iska zuwa tsayin mita 10 kafin ka kwatanta. Ka duba ma'auni, don matuƙa jirgi da not suke magana, kuma not ɗaya rabin mita ne da ɗan ɗoriya a sakan guda. Ka duba agogo, don kundin duniya da lokacin UTC yake tafiya, Saudiyya ta fi shi da awa uku, Sudan da awa biyu. Ka duba alƙibla, don masana yanayi inda iska ta fito suke faɗa, wasu manhajojin ruwa kuwa inda ta nufa. Waɗannan ƙananan abubuwa sun kashe ayyuka masu yawa. Ka kuma zubar da kwanakin farko na lissafi, lokacin da tekun cikin kwamfuta bai gama farkawa ba.

Kada ka ba da matsakaiciyar alƙibla inda raƙuma biyu ke karo. Da sanyi, a tsakiyar Maliya, wasu raƙuman daga arewa suke, wasu daga kudu. Ka haɗa arewa da kudu ka raba biyu, sai kwamfuta ta ba ka wata alƙibla da babu raƙumi ko ɗaya da ya fito daga cikinta. Ka ware su, kowane rukuni da tsayinsa da alƙiblarsa da tazarar lokacin da ke tsakanin raƙumi da raƙumi. Matuƙin ƙaramin jirgi ya fi tsoron ruwan da ke dukansa ta fuska biyu fiye da dogon raƙumi mai zuwa ta fuska ɗaya.

Ka mutunta duwatsun murjani. Gaɓoɓin Maliya cike suke da su, ga tsibiran Farasan ta wajen Saudiyya, ga na Dahlak ta wajen Iritiriya. Tsakiyar tekun zurfinsa ya haura mita 2,000, amma kana iya baro ruwa mai zurfin ɗaruruwan mitoci ka ci karo da murjanin da ruwansa bai kai ƙirji ba cikin ɗan taƙin tafiya. A kansa raƙumi ke karyewa ya zubar da ƙarfinsa. Taswirar zurfi ta duniya, GEBCO, gurbinta kusan rabin kilomita ne, kuma a wurare da yawa ƙiyasi ne aka cike da shi. In aikinka na bakin tasha ne, ka nemo taswirar matuƙa jirgi da awon zurfi na wurin.

Kada ka kira shekara uku yanayi. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya shekara 30 ce, kuma zangon da ake aiki da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020. In ka ga kamar iska na ƙaruwa ko raguwa cikin shekaru, ka fara zargin kundinka, domin yawan awon da ake zuba masa ya sauya ƙwarai tun da taurari suka shigo sosai a wajen 1979. Sauyin na'urar awo yana iya yin kama da sauyin yanayi.

Ka fassara lambobinka ga wanda zai yi aiki da su.

Tsayin da manhaja ke bayarwa ba na raƙumi mafi girma ba ne. Ma'auni ne da ya samo asali daga aikin masana biyu, Sverdrup da Munk, na shekarun Yaƙin Duniya na Biyu: a jera raƙuma, a ɗauki sulusin da ya fi tsayi, a fitar da matsakaicinsu. A cikin awanni kaɗan na guguwa, raƙumi guda na iya kusan ninka wannan. In ka rubuta mita 2, ka gaya wa mai jirgi ya sa ran wanda ya doshi mita 4. Haka kuma in ka ce raƙumin shekara ɗari, ka bayyana cewa ma'anarsa damar kashi 1 cikin ɗari ce a kowace shekara, tana iya faɗowa bana. Ginin da zai yi shekara 50 yana da kusan kashi 40 cikin ɗari na haɗuwa da shi. Kuma kada ka ba da lamba tsirara. Ka rubuta iyakar shakkarka a gefenta, ka nuna wuraren da ba ka da awo ko ɗaya. Wallahi faɗin "nan ban gwada ba" ya fi maka mutunci a kan taswira mai kyan launi.

Kada ka ɗora wa teku laifin da ba nasa ba, kada kuma ka bari a fake da lissafinka. Jirgin Salem Express da ya taso daga Jidda a Disambar 1991 murjani ya daka kusa da Safaga cikin dare da iska, mutum fiye da 400 suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Al-Salam Boccaccio 98 da ya nitse a Fabrairun 2006 tsakanin tashar Duba ta Saudiyya da Safaga, gobara ce ta tashi a cikinsa, ruwan kashe ta ya taru ya karkatar da shi, mutum fiye da 1,000 suka tafi. Allah ya jiƙansu. A Yunin 2022 wani jirgi ya kife a tashar Sawakin da tumaki sama da 15,000 saboda lodin da ya wuce ƙima. Lissafin raƙumi ba ya maye gurbin kula da jirgi. Ka rubuta a rahotonka abin da aikinka ya amsa da abin da bai amsa ba.

Ka je bakin ruwan ka zauna da masunta da matuƙan ƙananan jirage. Su suka san watan da iskar kudu, wadda suke kira azyab, ke tsananta, sun san sa'ar da ruwa ke lafawa da bakin murjanin da ba a kusanta. Ka gaishe su da girmamawa, ka tambaya, ka rubuta. In dattijon da ya yi shekara arba'in a kan ruwan ya ce a wuri kaza ruwa na hauka da asuba a watan Agusta, taswirarka kuma ta nuna lafiya lau, ka koma kan kwamfutarka ka nemo inda ka kuskure.

Ka adana komai: sigar manhajar, lambobin da ka sauya, kundin iskar, ranar da ka sauke shi. Wanda zai zo bayanka ya iya maimaita aikin ya samu abin da ka samu.

Ranar da za ka miƙa rahoto, kafin ka sa hannu, ka buɗe taswirar Yuli ka duba gaban Tokar, ka buɗe ta Janairu ka duba inda iskar arewa da ta kudu suka yi karo, sannan ka sake ɗora iskarka a kan awon gora. In ɗaya daga cikin ukun nan bai zauna ba, don Allah ka riƙe rahoton a hannunka, ka nemi ƙarin lokaci.